Inda Aike Ya Fi Zuwa da Kai

Sau bakwai a dare guda dodon da ke saman hasumiyar Ishal ya kashe shi, kuma kowane karo ta hanya ɗaya. Da zarar ya hau bene na ƙarshe sai ƙaton ya juyo da ƙahoninsa, shi kuwa ya tura jaruminsa gaba da takobi, ya dinga danna linzamin kwamfuta kamar mai buga ƙofar gidan da gobara ta kama. Kafin ya ɗaga ido ya dubi gefen allo, hotunan abokan tafiyarsa uku sun dushe. An damƙe ɗaya an maka da ƙasa, an jefi na biyu da dutse, na ukun kuwa bai ma san abin da ya same shi ba. Sai ya rage daga shi sai dodon, kuma wannan ba ya daɗewa.

Akanta ne, shekarunsa sun doshi arba'in, kuma bai ɗauki kansa baƙo a wasan bidiyo ba. Ya taso a shagunan PlayStation na unguwa, inda ake biyan kuɗi a buga ƙwallo, wanda aka ci ya tashi ya ba na bayansa wuri. A can ya koyi cewa nasara a yatsa take. Wasan ƙwallo ma na mutum goma sha ɗaya ne, amma na'ura ce ke tafiyar da goma, kuma ƙwallon kanta ke nuna maka wanda ya kamata ka riƙe. Wasan da ƙanensa ya sa masa a kwamfuta, Dragon Age: Origins, wanda kamfanin BioWare na birnin Edmonton a Kanada ya fitar a 2009, ba shi da ƙwallo. Mutum huɗu ne a ayari, kowanne da makaminsa da rauninsa, kuma babu abin da ke gaya wa mai wasa wanda ya fi buƙatarsa a wannan daƙiƙar.

Ƙanen ya zauna a bayansa ya kalli karo na takwas har ƙarshe, sannan ya ce, “Yaya, tun da ka fara ban ga ka tsayar da wasan ba ko sau ɗaya.” Akantan ya dube shi da mamaki. A ganinsa tsayar da faɗa ana tsakiyar yinsa ragwanci ne, abin da yaro ke yi idan an kusa cin sa. Ƙanen ya miƙa hannu ya danna dogon madannin nan na ƙasa, wanda ake barin tazara da shi tsakanin kalmomi. Komai ya sandare. Dodon ya tsaya da hannu a sama, kibiya ta rataye a iska. “A nan ake yin wasan,” in ji shi. “Sauran duk kallo ne.”

Domin a gane abin da ya sa wannan madanni yake da irin wannan matsayi, sai an koma asalin wasannin da ake kira RPG, waɗanda mutum ke shiga rigar wani jarumi ya rayu cikin labarinsa. A kan teburi suka fara. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, wasan da abokai ke zama a kewaye da teburi da takarda da ƙwayoyi masu lambobi irin na ludo. Ɗaya ya zama mai ba da labari kuma alƙali, sauran kowa ya riƙe jarumi guda: wannan mayaƙi, wancan mai sihiri, waccan mai warkarwa. An gina dokokin ne a kan cewa babu wanda zai iya komai shi kaɗai, kuma kowane jarumi yana da kai guda mai yi masa tunani. Da aka mayar da wasan cikin kwamfuta, kamar a Wizardry na 1981 mai ayarin mutum shida, sai aka bar jaruman aka kwashe abokan. Mutum ɗaya ya gaji kujeru duka. Matsalar da akantan ya tarar a saman hasumiya ta samo tushe daga nan: aikin kawuna huɗu aka ɗora wa kai ɗaya mai hannu biyu.

Masu ƙirƙirar wasanni sun gwada amsoshi daban-daban. Mafi tsufa ita ce bi-da-bi, wato lokaci ya tsaya cik har sai ka zaɓa wa kowa abin da zai yi, kamar a Final Fantasy na farko a 1987. A 1991 Hiroyuki Ito ya kawo wani tsari a Final Fantasy IV, inda kowane jarumi ke jiran lokacinsa ya cika gwargwadon saurinsa, abokan gaba kuma ba sa jiran ka gama shawara. A 1998 BioWare ta fitar da Baldur's Gate, wanda faɗa ke gudana ba tsayawa a ido, alhali a ƙarƙashi na'ura tana lissafa zagaye na daƙiƙa shida-shida bisa dokokin teburi, aka kuma ba mai wasa ikon daskarar da komai duk sa'ad da ya ga dama, ya raba umarni, sannan ya saki. Wannan gadon ne Dragon Age ya ɗauko. An tsara faɗansa da zaton mai wasa zai tsayar da shi, saboda haka wanda ya ƙi yin hakan ya ƙara wa kansa wahalar da masu wasan ba su nufa ba.

Da akantan ya fara tsayarwa, sai ya fara gani. Ya murza tayar linzami, kyamara ta ɗaga sama har yana hango ɗakin kamar taswira. Ya lura cewa dodon yakan sunkuyar da kai kafin ya ruga, kuma akwai ɗan lokacin da za a iya kaucewa. Ya lura cewa mai sihirin da aka haɗa shi da shi yana tsaye dab da ƙaton, ga shi ba sulke. Ya janye shi zuwa wancan bango, ya ba sojan da ke tare da su baka ya tura shi wani gefen, ya bar Alistair mai garkuwa a gaba. Da dodon ya damƙi jaruminsa, sai ya tsayar da wasan, ya koma kan Alistair, ya sa shi ya daki ƙaton da garkuwa har ya saki. A karo na goma dodon ya faɗi, kuma mutum biyu daga cikin ayarin suna tsaye. Ya lura da wani abu kuma: yatsunsa sun yi aiki ƙasa da na karon farko nesa ba kusa ba.

Daga nan ya faɗa ramin da ke ɗaya gefen hanya. Tun da ya gano cewa zai iya riƙe kowa, sai ya ƙi sakin kowa. Yakan tsayar da wasa duk bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu, ya bi jarumai huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓa wa kowanne inda zai taka da wanda zai sara. Arangama da 'yan fashi biyar a bakin hanya, wadda ba ta kai minti ɗaya ba, takan ci masa kwata. Yana cin nasara, amma yana tashi da ciwon wuya, labarin kuma ya daina tafiya. Wasan da ake shafe awanni masu yawa kafin a kai ƙarshensa ba zai ƙaru da irin wannan taku ba. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike, shi kuma ya riƙi maganar da hannu bibbiyu, har ta kusa sa shi ya goge wasan.

Abin da ya rage masa ya koya yana cikin wani shafi da ya daɗe yana tsallakewa, shafin dabarun faɗa. Kowane jarumi yana da jerin gurabe, kowane gurbi kuma kashi biyu ne: sharaɗi da aiki. Idan lafiyar wani abokin tafiya ta sauka ƙasa da rabi, warkar da shi. Idan maƙiya sun kewaye ka, yi saran da ke kama kowa. Idan an far wa mai sihiri, je ka janye hankalin maharin. Guraben kaɗan ne da farko, suna ƙaruwa yayin da jarumi ke girma. Wannan tunani ya riga ya bayyana a Final Fantasy XII na 2006, inda kowane jarumi ke iya kai wa gurbi goma sha biyu. A duka biyun doka ɗaya ce ke mulki: na'ura tana karanta jerin daga sama zuwa ƙasa, ta aiwatar da umarni na farko da sharaɗinsa ya cika, ta koma sama ta sake farawa.

Bai ɗauki wannan doka da muhimmanci ba sai da ta kunyata shi. A hasumiyar masu sihiri wata dattijuwa mai suna Wynne ta shiga ayarinsa, kuma warkarwa ce sana'arta. Ya goge tsarin da ta zo da shi ya rubuta nasa, domin yana son ta riƙa taimakawa da hari. A gurbi na farko ya sa: duk maƙiyin da ya fi kusa, kai masa hari. A na biyu ya sa: wanda lafiyarsa ta gaza rabi, warkar da shi. Kwana biyu yana kallon Alistair yana faɗuwa, dattijuwar tana tsaye a bayansa tana harbin wani da sandarta, ƙarfin sihirinta cike fal. Ya kira ta marar amfani, ya ce wa ƙanensa wasan ya lalace. Ƙanen ya buɗe shafin, ya karanta layi biyu, ya yi dariya. “Yaya, ai a filin daga kullum akwai maƙiyi mafi kusa. Yaushe za ta kai layi na biyu?” Ya ɗaga warkarwa sama, ya mayar da hari ƙasa. A faɗan da ya biyo baya babu wanda ya faɗi.

Akwai wasannin da mai wasa yake da hujja idan ya zargi abokan tafiyarsa. A babi na biyar na Dragon Quest IV, yadda ya fito a Japan a 1990, jarumi ɗaya kawai ake sarrafawa kai tsaye, sauran sai dai a ba su umarni na gaba ɗaya, kuma wani limamin ayarin ya zama abin barkwanci saboda nacewa da yake yi kan sihirin kisa nan take a kan manyan dodannin da ba ya kamawa. Haka Persona 3 na 2006 ya hana mai wasa zaɓa wa abokansa abin da za su yi ɗaya bayan ɗaya, har sai da aka ba da wannan iko a fitowar 2009. A irin waɗannan wurare laifin na iya zama na na'ura. Amma Wynne ba ta saɓa wa kowa ba. Ta yi daidai abin da aka rubuta mata, a daidai jerin da aka rubuta shi. Abin da ke cikin kan akantan daban, abin da ya sauka a takarda daban, ita kuma takardar kaɗai take iya karantawa.

Wannan ne ya hana shi barci a daren, kuma ba saboda wasan ba. Watanni kaɗan kafin nan aka ba shi shugabancin wani ƙaramin sashe a wurin aikinsa. Ya miƙa wa wata matashiyar ma'aikaciya jerin ayyukanta, kuma a saman jerin ya rubuta cewa duk saƙon da ya fito daga babban ofis a amsa shi nan take. Daidaita lissafin ƙarshen wata yana can ƙasa. Wata biyu a jere lissafin ya makara, shi kuma ya karɓe aikin ya yi da kansa cikin dare, bai ce mata komai ba sai sauya fuska. Da ya tuhume ta daga baya, abin da ta ce shi ne, “Yallaɓai, saƙonnin ba sa yankewa.” A lokacin ya ɗauka uzuri ne. Yanzu ya ji maganar ƙanensa a cikin tata. Ya kuma tuna cewa a makon da ya wuce ta nemi a mayar da ita wani sashe.

Kwatancin yana da iyaka, kuma ya san haka. Wynne ba ta jin haushi idan aka ƙwace mata aiki ana tsakiyar yinsa. Ba ta da shawarar da za ta bayar a kan jerin, ba ta kuma iya ɗaga kai ta ce wannan tsarin ba zai yiwu ba. Ma'aikaciyar tana da duk waɗannan, kuma watakila ta ga matsalar tun ranar farko, sai dai bai bar mata ƙofar da za ta faɗa ba. Abin da wasan ya nuna masa ƙarami ne amma tabbatacce: umarnin da ba shi da fifiko bai cika umarni ba, kuma wanda ya sa abin da ba ya ƙarewa a saman jeri ya soke duk abin da ke ƙasa da shi. Washegari ya kira ta, ya ajiye jerin a tsakaninsu, ya tambaye ta yadda ita za ta jera shi. Ba ta janye takardar neman sauyin ba, amma ta ɗauki biro.

A wasan, sauran koyon ya zama na awo. Ya gwada sa warkarwa ta fara tun lafiya na kashi 90 cikin ɗari, sai ƙarfin sihirin Wynne ya ƙare kafin faɗa ya yi nisa. Ya mayar da ita kashi 25, sai bugu ɗaya mai ƙarfi ya riga maganin isa. Rabi ya fi dacewa da mai sulke, mai sihiri kuwa yana buƙatar a fara kula da shi tun da wuri. Ya koyi cewa maƙiya ba sa zaɓar wanda za su far wa haka kawai, suna bin wanda ya fi tsokane musu ido, ko da nauyin sulkensa ko da yawan ɓarnar da ya yi musu, shi ya sa mai garkuwa yake da wata kururuwa ta jawo su kansa. Ya koyi cewa mai wuƙa biyu ya fi illa idan ya zagayo ta baya. Ya koyi cewa idan Morrigan, ɗaya mai sihirin ayarin, ta daskarar da maƙiyi da iskar ƙanƙara, bugu mai ƙarfi yana iya farfasa shi gaba ɗaya, kuma ana iya rubuta wannan haɗin gwiwa a gurabe biyu na mutum biyu, ya riƙa faruwa ba tare da ya sa hannu ba.

Ya kuma gano abubuwan da ba sa rubutuwa. Shafin dabaru bai san ƙofa ba. Bai san cewa idan aka ja da baya aka tsaya a bakin wani siririn lungu, maƙiya goma za su zo bibbiyu ba. Bai iya auna ko ƙwallon wuta zai kama abokan tafiya tare da maƙiya ba, kuma idan aka ɗaga matakin wahalar wasan, wutar ba ta bambance naka da na wani. Waɗannan ya riƙe a hannunsa: wurin tsayuwa, manyan sihirce-sihircen da ke cin fili, da wanda za a fara kayarwa. Sauran ya rubuta ya saki. A ƙarshe ƙwarewar ta zama sanin wane aiki ne na takarda, wanne ne na ido, da lokacin da ya dace a danna dogon madannin.

Ba kowa ya yarda da wannan rabo ba, kuma masu jayayya suna da abin faɗa. Tun fitowar Final Fantasy XII ake zargin cewa idan tsari ya yi kyau sosai wasan yana buga kansa, mai wasa ya koma ɗan kallo. BioWare ma daga baya ta rage shafin dabaru, har a Dragon Age: The Veilguard na 2024 abokan tafiya biyu kawai ke bin jarumi, kuma ba a iya komawa a sarrafa su kai tsaye. A ɗaya ɓangaren, kamfanin Larian na ƙasar Beljiyam ya mayar da Baldur's Gate 3 na 2023 tsarin bi-da-bi, inda mai wasa ke zaɓa wa kowane ɗaya daga cikin mutum huɗu takunsa da harinsa a kowane zagaye, kuma wasan ya lashe kyautar gwarzon shekara a bikin The Game Awards. Ke nan har yanzu ba a daidaita a kan yawan abin da ya kamata mutum ɗaya ya riƙe ba. Abin da ya haɗa tsare-tsaren shi ne cewa a dukansu wanda ya zura ido a kan jaruminsa kaɗai zai waiwaya ya tarar da ayarinsa a ƙasa.

Da ƙanen ya kawo wani abokinsa da yake son fara wasan, akantan ne ya yi masa bayani, kuma bai yi maganar saurin yatsa ba. Ya ce masa ya tsayar da faɗa tun kafin a kai bugun farko, ya ƙirga maƙiya, ya nemo mai sihirinsu da maharbansu. Ya ce ya riƙa duban hotunan gefen allo fiye da yadda yake duban takobinsa. Ya ce ya ɗauki kowane abokin tafiya ya yi faɗa biyu ko uku da shi kaɗai a hannu, domin ba a rubuta wa mutum umarni sai an san abin da yake iyawa. Ya ce idan ya zo rubuta dabaru ya fara da layi biyu, abin ceton rai a sama, abin yau da kullum a ƙasa, kuma kada ya sauya abu biyu a lokaci guda, domin idan faɗa ya ɓaci ba zai san wanne ne ya ɓata shi ba.

A wannan daren, cikin ramukan ƙarƙashin ƙasa da ke bayan birnin Orzammar, wata runduna ta fito musu daga duhu. Akantan ya ɗauke hannunsa daga kan linzami. Alistair ya yi kururuwarsa, maƙiya suka taru a kansa. Morrigan ta daskarar da na gaba, jarumin ya farfasa shi. Lafiyar Alistair ta sauka ƙasa da rabi, hasken Wynne ya sauka a kansa tun kafin akantan ya yi tunanin neman sa. Can bayan rundunar sai ya hango wani mai sanda yana ɗaga hannu, wanda babu layin da ya ambace shi a shafin kowa. Ya danna dogon madannin, ya nuna wa Morrigan shi, ya saki.